Ɓarayin Da Ba Su Iya Sata Ba: Finafinan Barkwancin Ingila Bayan Yaƙin Duniya Na Biyu

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin nan saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da waɗanda dama karatun ya fi musu daɗi.

Yau za mu ɗan huta da siyasa mu shiga fim. Amma kada wani ya yi saurin murna, siyasar tana nan a ciki, ta bayan fage za ta shigo. Hirarmu a kan wasu finafinan barkwanci ce da aka yi a Ingila daga wajen 1949 zuwa 1965. Yawancinsu marasa kala ne, gajeru ne, kuma ba a kashe musu kuɗi ba in aka gwada da na Hollywood. Labarinsu kusan iri ɗaya ne: wasu mutane huɗu ko biyar su taru a ɗaki, su tsara sata mai kyau a takarda, su je su yi, daga nan komai ya dagule.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da finafinan da suka girmi iyayenmu? Tambayoyi biyu ne suka ja ni. Ta farko, ta yaya ƙasar da take cikin bashi da ƙarancin abinci ta riƙe masana'antar fim har ta fitar da abin da ake kallo bayan shekara 70? Ta biyu, me ya sa mutanen da aka sani da bin layi da bin doka suka riƙa biyan kuɗi su zauna a duhu suna fatan ɓarawo ya tsira? Mu bi su a hankali.

Mu fara da halin da Ingila take ciki. An gama yaƙi a 1945, sun yi nasara, amma aljihu ya huje. A 1946 sai da suka karɓi rancen dala biliyan 3.75 daga Amurka, bashin da ba su gama biya ba sai a watan Disamba na 2006. A 1949 aka karya darajar fam, daga dala 4.03 ta dawo 2.80. Duk wanda ya ga abin da karya darajar kuɗi ke yi wa kasuwa ba sai an yi masa bayani ba.

Abinci kuwa da kati ake sayensa. Kowane mutum yana da ɗan littafi, ka je shago a yanke maka kasonka na nama da sukari da man shanu na mako. Burodi ma, wanda ba a taƙaita shi ba lokacin yaƙin, sai da aka sa shi a kati daga 1946 zuwa 1948. Sukari bai samu 'yanci ba sai 1953, nama kuma sai watan Yuli na 1954, shekara 9 cur bayan an daina harbi. A tsakiyar Landan ga kangayen gidajen da bom ya rushe, ciyawa ta fito a ciki, yara suna wasa.

To kun san duk inda aka ce ba a sayar da abu sai da takarda, kasuwar bayan fage ta samu. Sai ga wani irin mutum ya bayyana a kwanar titi, da kwat mai faɗin kafaɗa da siririn gashin baki, in kana son safa ko sigari ko katin man fetur shi za ka gani. Turawan suna ce masa spiv. Kowa yana zaginsa a fili, amma gidaje da yawa sun ci daga hannunsa. Ka ga ke nan mutumin kirki ma ya ɗan taɓa karya doka, ko don ƙwai biyu ne. Mai kallon da ke shiga silima a shekarun nan ba baƙo ba ne ga wannan ɗan ƙaiƙayin na a zagaye hukuma.

Silima kuwa ita ce wurin hutun talaka. A 1946 an sayar da tikiti sama da biliyan 1.6 a Birtaniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan 50 ba. In ka raba, kowane mutum, har jariri, ya shiga silima fiye da sau 30 a shekara.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin a nan ne amsar tambayar farko take. Matsalar 'yan fim ɗin Ingila ita ce yarensu ɗaya da Amurka. Fim ɗin Hollywood ya riga ya mayar da kuɗinsa a gida, in ya iso Landan riba ce zalla, ba a ma buƙatar fassara. Da an bar kasuwa ta yi halinta, da tuni an shafe su. Sai gwamnati ta sa hannu.

Tun 1927 majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa gidajen silima nuna wani kaso na finafinan gida. An fara da kashi 5 cikin 100, aka riƙa ɗagawa har ya kai kashi 20 a 1936. Kamfanonin Amurka masu rarraba fim a Ingila, da yake su ma dokar ta hau kansu, sai suka riƙa ba ƙananan furodusoshi kwangilar su yi musu fim mafi araha, don dai a cika sharaɗi. Da yawa daga cikin waɗannan finafinai shirme ne, amma a nan ne matasa suka koyi riƙe kyamara da haɗa hoto. Michael Powell, wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan daraktocin ƙasar, a irin wannan aikin gaggawar ya goge.

Bayan yaƙi aka ƙara matsawa. A 1947, saboda ƙarancin dala, gwamnati ta ɗora harajin kashi 75 cikin 100 a kan kuɗin da finafinan waje ke samu. Hollywood ta yi fushi ta daina turo sababbin finafinai, sai a watan Maris na 1948 aka sasanta. A wannan shekarar Harold Wilson, wanda daga baya ya zama firaminista, yana ministan ciniki, ya ɗaga kason finafinan gida zuwa kashi 45, da aka ga ba za a iya cikawa ba aka sauko da shi 30 a 1950. A 1949 aka kafa hukumar ba masu shirya fim rance. Sai kuma a 1950 aka fito da tsarin da ake kira harajin Eady, sunan wani babban ma'aikacin baitulmali, Wilfrid Eady. Tsarin mai sauƙi ne: a kan kowane tikiti a cire wani ɗan abu a zuba a asusu, sannan a raba wa masu finafinan gida gwargwadon cinikin da fim ɗin kowa ya yi. Wato wanda ya shiga kallon fim ɗin Amurka ma, da kuɗinsa ake tallafa wa na gida. Wannan tsari ya rayu har 1985.

Akwai kuma al'adar nuna fim biyu da tikiti ɗaya. A fara da ƙarami mai kamar awa ɗaya, sannan babban ya biyo. Shi ƙaramin, kuɗi ƙayyadadde ake sayensa, ko ya karɓu ko bai karɓu ba abin da furodusa zai samu ke nan. Saboda haka ribarsa tana cikin tsuke kashewa. A mako biyu ko uku an gama ɗauka. Ƙananan wurare irin su situdiyon Merton Park a kudancin Landan da kamfanin Butcher's da irin wannan suka rayu.

Ku tsaya ku yi lissafin furodusa da kanku. Wane labari ne ya fi araha? Fim ɗin yaƙi yana son jirage da ɗaruruwan mutane. Na tarihi yana son fada da tufafi. Fim ɗin ɓarayi kuwa ɗaki ɗaya ne da tebur, mota ɗaya, kakin ɗan sanda guda biyu, sai titi. Kangayen da bom ya bari kuma kyauta suke. In ka ƙara barkwanci, ka huta da kashe kuɗi a kan manyan faɗace-faɗace, domin abin da ke riƙe mai kallo shi ne magana da fuskar ɗan wasa.

A nan ya kamata mu bambance. Finafinan hawa-hawa ne. A sama akwai na situdiyon Ealing da ke yammacin Landan, ƙarƙashin Michael Balcon, wanda ya shugabance shi daga 1938. Su ba na cika sharaɗi ba ne, manyan finafinai ne a gida, sai dai kuɗinsu bai kama ƙafar na Hollywood ba. A ƙasansu akwai tarin masu araha da suka kwaikwayi salon. Mu fara da na saman, tunda su suka share hanya.

The Lavender Hill Mob, wato gungun unguwar Lavender Hill, ya fito a 1951. Charles Crichton ne darakta. Alec Guinness ya fito a matsayin Holland, wani ƙaramin ma'aikacin banki da ya shekara 20 yana raka motar zinare daga inda ake tace shi zuwa banki. Mutum ne shiru-shiru, da tabarau da 'yar hularsa, ana masa kallon wanda ko allura ba zai ɗauka ba. Ashe duk shekarun nan wannan sunan yake ginawa da gangan. Abu ɗaya ne ya hana shi: ko ya saci zinaren, ba zai sayu a Ingila ba, fitar da shi waje kuma doka ta toshe.

Ana nan sai wani sabon ɗan haya ya tare a gidan da yake, Pendlebury, wanda Stanley Holloway ya fito a matsayinsa. Sana'arsa narka dalma yana ƙera 'yan ƙananan hasumiyar Eiffel, ana kai su Faris ana sayar wa baƙi su yi tsaraba. Shi ke nan, dabara ta samu: a narka zinaren fam miliyan 1, a zuba shi a irin wannan siffa, a tura Faransa a matsayin tarkacen tsaraba.

Da yake su biyun ba su san kan sata ba, suna buƙatar ƙwararru. Yadda suka samo su ma abin dariya ne. Suka riƙa yawo cikin jama'a suna hira da ƙarfi cewa akwai kuɗi jibge a akwatin ajiyar masana'antarsu kuma makullin ya lalace, sannan suka koma suka laɓe da dare suna jiran wanda zai shigo. Ɓarayi biyu suka faɗo, Sid James da Alfie Bass, aka ɗauke su aiki.

Satar ta yiwu, kaya suka isa Faris. Sai matar da ke tsaron shagon tsaraba ta buɗe akwatin da aka ce kada ta taɓa, saboda rashin fahimtar yare, ta sayar wa wasu 'yan mata 'yan makaranta daga Ingila guda shida. Aka biyo su har gida, aka lallaɓa biyar suka yarda da musaya, ɗaya ta ƙeƙasa ƙasa ta ce nata ba na bayarwa ba ne, domin kyauta za ta yi wa wani ɗan sanda abokinta. Zinaren fam miliyan ya watse a kan taurin kan yarinya ɗaya. An kama Pendlebury, Holland ya sulale ya gudu birnin Rio na Brazil. A can muka same shi tun farkon fim ɗin, a gidan cin abinci, yana rabon kuɗi yana ba wani mutum labarin. Wata budurwa ma ta zo ta karɓi nata, Audrey Hepburn ce tun kafin duniya ta san ta. Sai a ƙarshe da suka miƙe muka ga ashe hannunsa ɗaure yake da ankwa a jikin na mutumin da yake ba labari.

Wanda ya rubuta labarin, T.E.B. Clarke, ya taɓa aikin ɗan sanda lokacin yaƙi, kuma ya ci kyautar Oscar da wannan rubutu. Ku lura da abin da ya yi. Ɓarawon nasa ba ɗan daba ba ne. Ma'aikaci ne mai gaskiya a idon kowa, wanda dukiyar ƙasa ke wucewa ta hannunsa kullum, shi kuwa yana kwana a ɗakin haya. Duk akawun da ke zaune a silimar nan ya san wannan zafin. Amsar tambayarmu ta biyu ke nan ta fara fitowa.

Na biyu shi ne The Ladykillers na 1955, wanda Alexander Mackendrick ya ba da umarni, William Rose ya rubuta. Shi mai kala ne. Wata tsohuwa, Misis Wilberforce, tana zaune ita da akunta a wani karkataccen gida kusa da tashar jirgin ƙasa ta King's Cross. Guinness ya zo da sunan Farfesa Marcus ya kama ɗaki, ya ce shi da abokansa huɗu makaɗa ne, za su riƙa gwaji. Sai su kulle ƙofa su sa faifai a garmaho, kiɗa yana tashi, su kuma suna tsara yadda za su tare motar kuɗi. Tsohuwa kuwa ba ta bar su sun sarara ba, bini-bini ta ƙwanƙwasa da tiren shayi.

Sun sace fam 60,000, kuma ita suka aika ta ɗauko akwatin daga tasha ba tare da ta sani ba, har 'yan sanda ne suka taya ta kawo shi gida. Wajen fita ne akwatin babban gogen ɗaya daga cikinsu ya maƙale a ƙofa, ya buɗe, takardun kuɗi suka watse a gabanta. Ta ce sai ta kai ƙara. Suka yanke shawarar kashe ta, amma aka rasa mai iyawa. Wannan ya ce wancan, wancan ya ce wannan, aka yi ƙuri'a, wanda ta faɗa wa ya nemi guduwa da kuɗin. Daga nan suka koma kashe juna, ana jefa gawa a taragon jirgin kaya da ke wucewa ta bayan gidan. Farfesan da ya rage shi kaɗai, ƙarfen alamar jirgi ne ya sauko masa a ka. Hausawa suka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Da gari ya waye tsohuwa ta tafi ofishin 'yan sanda ta faɗi gaskiya. Da yake sun saba da zuwanta da labarai marasa kan gado, sai suka lallashe ta suka ce ta riƙe kuɗin kawai. Katie Johnson, wadda ta yi wannan fitowa tana da shekara 76, ta ci kyautar gwarzuwar jarumar Birtaniya ta BAFTA. Wani manazarci, Charles Barr, ya karanta fim ɗin a siyasance: gungun kamar gwamnatin Leba ce ta 1945 da ta shigo tsohon gida da niyyar sake rabon dukiya, rigimar cikin gida da kwarjinin tsohon tsari suka cinye ta. Ko ka yarda da wannan fassara ko ba ka yarda ba, abin da ke kan allo a fili yake: masu dabara biyar sun mutu, tsohuwar da ba ta sauya komai a rayuwarta ba ita ta tashi da dukiya.

Me ya sa kullum sai ɓarayin sun faɗi? A nan hukumar tace finafinai ta shigo. An kafa ta tun 1912, kuma furodusoshi kan kai mata rubutun fim tun kafin a fara ɗauka, don kada a kashe kuɗi a zo a yanke. Ƙa'idar zamanin ita ce kada a nuna laifi ya yi riba, kada kuma fim ya zama makarantar koyon sata. Amurka ta fi tsanani. Kind Hearts and Coronets na 1949, inda Guinness shi kaɗai ya fito a matsayin mutum takwas 'yan dangi ɗaya da wani ke kashewa ɗaya bayan ɗaya don ya gaji sarauta, ya ƙare ne a buɗe: mai kisan ya fito daga kurkuku, sai ya tuna ya bar littafin da ya rubuta asirinsa a ciki. Kafin a nuna shi a Amurka sai da aka ƙara wani ɗan guntu da ke nuna an tsinci littafin.

Abin sha'awa shi ne yadda marubutan suka mayar da wannan takunkumi jari. Tunda kowa ya san rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya, mai kallo ya daina tambayar ko za a kama su. Abin da yake jira shi ne ta ina ɓarakar za ta fito. Kuma kusan kullum ba basirar ɗan sanda ce ke kama su ba, wani ɗan ƙaramin abu ne da ba a sa a lissafi ba. A The League of Gentlemen na 1960, tsofaffin hafsoshin soja ne da aka sallama suka yi fashin banki da tsarin yaƙi, komai ya tafi daidai, sai wani yaro mai sha'awar rubuta lambobin motoci ya tona su.

A 1955 aka sayar wa BBC situdiyon Ealing, a shekarar ce kuma tashar talabijin mai zaman kanta ta fara aiki. Amma salon bai mutu ba, ya sauko hannun masu ƙaramin jari, kuma a nan ya fi yawa.

A Two-Way Stretch na 1960, Peter Sellers fursuna ne da ke zaune a gidan yari kamar otal. Wani tsohon abokin sana'a ya ziyarce shi sanye da kayan limamin coci, ya kawo shawara: su fita da dare, su sace lu'ulu'u, su dawo ɗakinsu kafin safiya. Wa zai zargi wanda ke kulle? Ana cikin shiri sai aka kawo sabon shugaban gandirobobi mai tsanani, Lionel Jeffries. A The Wrong Arm of the Law na 1963 kuwa, ɓarayin Landan suna da ƙungiya mai taro da tsarin walwalar mambobi, sai wasu 'yan Ostareliya suka riƙa sa kakin 'yan sanda suna ƙwace musu abin da suka sato. Da abin ya ishe su, ɓarayi suka nemi haɗin gwiwa da 'yan sandan gaske. A The Big Job na 1965, Sid James da yaransa sun ɓoye kuɗin fashi a kogon bishiya, suka yi shekara 15 a ɗaure, da suka fito suka tarar an gina unguwa a wurin, bishiyar kuma tana cikin harabar ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma Too Many Crooks na 1959. Wani attajiri, Terry-Thomas, yana ɓoye kuɗinsa don gudun haraji. Wasu sakarkarun ɓarayi suka je sace 'yarsa, suka yi kuskure suka ɗauko matarsa. Da suka nemi kuɗin fansa ya ce su riƙe ta, dama ta ishe shi. Matar ta ji da kunnenta, ta karɓi shugabancin gungun, ta nuna musu duk inda yake ɓoye dukiya. Na san da yawa cikinmu kalmar kuɗin fansa ba za ta ba mu dariya ba, domin mun san gidajen da ta rusa. Wannan kansa darasi ne game da finafinan: an iya yin wasa da abin ne saboda a Ingila ta lokacin ba ruwan dare ba ne. 'Yan sandan da ke sintiri a titi ko bindiga ba sa ɗauka. Barkwanci yana buƙatar tazara tsakanin mai dariya da abin tsoro.

Wannan ya kawo mu ga ƙorafin da ya dace a saurara: shin irin waɗannan finafinai ba sa ƙawata sata? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wanda ake sata a wurinsa kusan kullum banki ne ko wani attajiri marar hali, ba ka ganin mai gadin da aka raunata ko ma'aikacin da aka kora. An wanke laifin tas kafin a kawo shi gaban mai kallo.

Akwai kuma abin da kyamarar ba ta leƙa ba. Fim ɗin Holland bai taɓa tambayar daga ina zinaren ya fito ba, alhali a shekarun nan Afirka ta Kudu ce kan gaba a duniya wajen haƙo shi da gumin baƙaƙen leburori, Ghana ta yau kuma tana ƙarƙashin Ingila da sunan gaɓar zinare. Ƙarancin man girki da muka ambata, gyaɗar da ake tarawa dala-dala a Kano tana cikin abin da ake cike giɓinsa da shi. Baƙaƙen fatar da suka fara isowa da yawa daga yankin Karebiyan tun 1948 ma da ƙyar ka gan su a Landan ta cikin finafinan. Suna yi wa masu mulki da masu kuɗi shaguɓe, amma shaguɓen cikin gida ne.

Ranar 8 ga Agusta, 1963, gaskiya ta riski wasa. Wani gungu ya tare jirgin wasiƙu da ya taso daga Glasgow zuwa Landan, suka kwashe fam miliyan 2.6. Wani ɓangaren labarin kamar daga fim aka ciro shi: a gonar da suka ɓuya sun buga wasan Monopoly, suka bar zanen yatsunsu a jiki. Ɗaya daga cikinsu, Ronnie Biggs, ya tsere daga kurkuku a 1965, ya ƙare a Rio, garin da Holland ya gudu. Amma akwai ɓangaren da fim ba ya nunawa. Sun bugi direban jirgin, Jack Mills, a ka, kuma bai sake komawa daidai ba. Kotu ta yanke wa da yawansu shekara 30.

Kafin nan ma kasuwar ta fara zaizayewa. Talabijin ta shiga gidaje, tikitin silima ya faɗo zuwa kimanin miliyan 500 a 1960, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na 1946. Gidajen silima suka riƙa rufewa, al'adar fim biyu da tikiti ɗaya ta yi rauni, barkwancin ya koma akwatin talabijin. Zuwa 1971 da Get Carter ya fito, ɗan ta'addan fim ɗin Ingila ya zama mai kisa ba wasa.

Sai dai irin bai ɓace ba. Crichton ya dawo yana dattijo ya yi A Fish Called Wanda a 1988. 'Yan uwan nan biyu, Coen, sun sake yin The Ladykillers a Amurka a 2004 da Tom Hanks. Guinness ya zama Obi-Wan a Star Wars, Sellers ya zama sufeto Clouseau a Pink Panther.

Ni abin da na ɗauka, musamman ga masu sha'awar harkar fim a cikinmu, shi ne a riƙa kallon ɓangarorin biyu tare. Baiwa kaɗai ba ta riƙe masana'antar nan ba, sai da aka yi doka, aka ba da rance, aka cire wani abu daga kowane tikiti. In ana maganar tallafa wa matasa masu fasaha, irin waɗannan tambayoyi ne ya kamata mu riƙa yi wa masu mulki: wane tsari, nawa ne, daga ina za a samo, wa zai raba? Su kuma masu yin fim ɗin, kuɗin da ba su da shi sun rama shi a kan takarda. Holland da 'yar makarantar nan, tsohuwa da tiren shayinta, duk ba su ci kuɗi ba, zama aka yi aka yi tunani.

Wanda bai taɓa kallon ko ɗaya ba, ya fara da The Lavender Hill Mob, bai kai awa ɗaya da rabi ba. In kun kalla ku dawo ku gaya mana: da aka nuna ankwar nan a hannun Holland, daɗi kuka ji ko haushi? Amsar za ta yi mana amfani a shiri na gaba.

 A tura wa abokai, a bar mana ra'ayi a ƙasa. Sai mun sake haɗuwa, Allah ya bar zumunci.